Zauren Tambaya: Wai ina badalar Kano ta shiga?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da muka buga tsohon hoton Ƙofar Mata a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa akan Kano, to sai nace bari na tattara su waje ɗaya na amsa. Masu tambayar aure da na ciwon ƙafa ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Kamar kullum ban sa sunan kowa ba.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni haifaffen cikin gari ne amma tun 1998 nake Jidda, sai bana Allah ya yi na dawo gida gaba ɗaya. Wallahi ranar da na fita ni kaɗai zan je gaida gwaggona sai da na ɓata a garin da aka binne cibiyata, ɗan adaidaita ya sauke ni a Ƙofar Nassarawa na tsaya ina waige-waige kamar baƙauye, gada a sama titi a ƙasa, abun da na sani ko ɗaya babu. Amma abun da ya fi ci min rai badala, inda muke hawa muna yara yanzu shaguna ne da gidajen mai. Wai yaushe aka yi duk wannan, kuma wa ya cinye badalar?
Daga wani Alhaji a Gwale

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, sannu da zuwa, Allah ya sa an dawo a sa'a. Kada ka ji kunya, mu da ba mu je ko'ina ba ma ɓata muke, ni kaina akwai ranar da na shiga gadar Ɗangi da niyyar titin Gidan Zu sai ga ni na miƙe hanyar Zariya, sai da na kai wajen asibitin Malam Aminu Kano na samu inda zan juyo.

Gadojin dai ba su daɗe ba. Sanda ka tafi garin shataletale ne da ɗan sanda mai ba da hannu, ga kiya-kiya ga tasi ga 'yan acaɓa kamar ƙudan zuma. Gadar saman Ƙofar Nassarawa da ka tsaya a gindinta aikin zangon Kwankwaso na biyu ne, tsakanin 2011 da 2015, haka gadar ƙasa ta Kabuga da ta Gadon Ƙaya. Ganduje da ya karɓa ya ƙarasa doguwar nan ta Sabon Gari, ya yi ta ƙasa a Ƙofar Ruwa, ya yi mai hawa uku a Ɗangi sannan ta Hotoro, gwamnatin Abba kuma ta ɗora da Tal'udu da Ɗan Agundi. Acaɓa kuwa tun Janairun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero, sai adaidaita sahu da aka kawo zamanin Shekarau dan ɗaukar mata ta gaje titin gaba ɗaya. Ka ga duk abun da ya rikita ka na shekarun baya-bayan nan ne.

Maganar badala ita ce doguwa. In za a bi ƙa'ida ma ganuwa ce sunan katangar, badala kuma ɗan dakalin nan ne da ke jikinta ta ciki inda mayaƙa suke tsayawa su yi harbi, amma Bakano ya riga ya ce badala, wane ni na gyara masa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gininta, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta sanda ya gina gidan sarki na yanzu ya kafa kasuwar Kurmi, daga baya Muhammadu Nazaki ya ƙara. Turawan da suka zo a 1903 sun rubuta cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kusan ƙafa 40, kewayenta sama da mil 11. Kuma kada ka ɗauka duk cikinta gidaje ne, yawanci gonaki ne da fili da kududdufai, dan ko an yi wa gari ƙawanya a samu abun ci da wajen kiwo. Bature Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya zo a 1851 ya ƙiyasta mutanen garin 30,000 ne, in fatake sun cika da rani su kai 60,000. Yanzu unguwa ɗaya irin Kurna ko Ɗorayi ta shanye wannan.

To ita katangar ƙasa kamar dabba ce, sai ana ciyar da ita. Duk shekara in damuna ta ɗauke ana fita aikin gayya, kowane yanki da ɓangaren da zai yaɓe, dan kowa ya san in ta zube kansa ne a waje. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka fasa ta wajen Kabuga suka shigo, Sarki Alu ba ya gari, daga ranar ganuwa ta rasa aikin yi. Abun da ba shi da aiki kuwa ba mai ciyar da shi. Ruwa ya dinga zaftare ta shekara da shekaru, shi ne har ta zama tudun da kuka dinga hawa kuna yara, wato ko badalar da kake kewa Alhaji gawar ta asali ce.

Yanzu wa ya cinye? Zan faɗa maka gaskiya ko ba daɗi, ni da kai ne muka fara. Ina yaro da idona na sha ganin masu jakai tun da asuba a gindin badala da diga da mangala, suna sara suna lodawa suna shiga lungu suna sayarwa, kuma ƙasar badala tsada gare ta dan ta riga ta kwanta ta yi danƙo, magina suna son ta. Ɗakin da aka yi wa yayana sanda zai yi aure da ita aka gina, na tuna mahaifinmu Allah ya jiƙansa yana tsaye a ƙofar gida yana ƙirga mangala yana ciniki, ba wanda ya ga laifin abun a lokacin, ƙasa ce dai a yashe. In ka tara irin gidanmu dubu nawa, shekara nawa, ka ga inda rabin ganuwa ta tafi, tana nan cikin gari a jikin ɗakunan mutane.

Ragowar kuma kuɗi ne ya ci. Da fili ya yi daraja sai aka koma yanka gindin badala ana rabawa, gwamnati bayan gwamnati, wannan ta ba da wancan ta ƙara, kowa ya hau ya zagi na baya shi ma ya yanka nasa. An daɗe da sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa, a 2007 kuma aka shigar da ita jerin wuraren da ake neman hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, amma takarda ba ta tare katafila. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa dan faɗaɗa titi aka sake ta da siminti, hukumar gidajen tarihi ta yi ta ƙorafi, aikin gama ya gama. Yawancin ƙofofin da ka gani yanzu haka suke, suna ne na da amma jikin na jiya ne, ai ƙofar asali ƙunci gare ta da kauri kamar zaure, an yi ta ne dan raƙumi da jaki ba dan tirela ba. In kana son ganin saura ka bi titin Jami'ar Bayero (BUK) da sassafe kafin gosulo, daga Sabuwar Ƙofa zuwa Ɗan Agundi zuwa Na'isa har Gadon Ƙaya, ka dinga leƙa bayan gine-gine za ka ga guntaye. Ka ɗauki jikokinka ku je tare.

TAMBAYA: Malam dan Allah a ba ni shawara. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gidan ƙasa a cikin gari wanda shi ma a wajen kakanmu ya gada, da zaure biyu da soro mai ɗaurin guga. Yayyena maza sun ce a buge shi a yi na bulo a fitar da shaguna uku a gaba, ni kaɗai na ce a'a, yanzu har an fara ce min mai taurin kai. Ni ce ban da gaskiya?
Daga wata Hajiya a cikin birni

AMSA: Hajiya Allah ya jiƙan mahaifi ya sa ya huta. Kina da gaskiya, su ma yayyenki suna da tasu, abun da ya sa rigimar gidan gado ba ta ƙarewa kenan.

Bari na fara da taki. Gidan da kike karewa ba za a iya sake irinsa yau ba ko da kuɗi, dan masu yin sun ƙare saura ɗaiɗaiku. Tubali ake mulmulawa da hannu kamar ƙwai mai faɗin gindi a shanya ya bushe, magini yana zaune a kan katanga kamar ya hau doki yaro yana jefa masa daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya yana cafewa, katangar a ƙasa kauri a sama tana sirancewa. Rufi kuma azara ce ta giginya wadda gara ba ta ci, amma azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya wuce kamar ƙafa 6, shi ya sa in ana son ɗaki mai faɗi sai a yi baka, a ɗaure azara gaba-gaba a lanƙwaso ta daga kowane bango su haɗu a tsakiya, wannan ne ɗaurin gugan da kike gani a soronku. Wanda ya iya wannan shi ake kira gwani, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya. A waje a shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, a saman rufi a yi laso da katsi na marina da gashin jima da dafara, ruwa ya sauka ya bi indararo ya zubo a lungu, wani lokacin a kan mai wucewa, duk wanda ya tashi a cikin gari ya sha wannan wankan. Kin ga ko kayan aikin ma sana'o'in gari ne suke ba juna, marini ya ba magini katsi, majemi ya ba shi gashi, da marina ta ja baya sai laso ya yi wuya.

Sannan sanyi. Duk wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa a watan Afrilu ya koma ɗakin bulo mai kwano ba wuta ba fanka ya san bambancin, katanga mai kauri tana shanye zafin rana sai dare take sakinsa, da hunturu kuma ɗumi. Kakata har ta rasu ba ta yarda ta koma ɗakin siminti da aka yi mata ba, cewa take tanda ce.

Amma fa Hajiya kada mu yaudari kanmu, gidan ƙasa bawa yake so. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an yi yaɓe an duba indararo, in aka yi sakaci shekara biyu uku sai azara ta jiƙa ta ruɓe, kuma kowace damuna muna jin gini ya faɗa wa mutane cikin dare, yawanci irin gidajen gadon nan ne da kowa ke cewa wane ne zai gyara. Da mai gida ɗaya ne, in ya ce a fito a fito. Yanzu gida ɗaya magada goma sha, wani yana Legas wani yana Abuja, wanda ke ciki ba shi da hali, mai hali ba ya ciki. Ga titi da ake ta ɗagawa duk sanda aka zuba kwalta ko intalok har ya fi tsakar gida tudu, ruwa ya dinga kwanciya a gindin katanga. Yayyenki suna kallon kuɗin haya ne da zai riƙe marayu da gyara, wannan ba son zuciya ba ne. Kuma a shari'a kowa da rabonsa, ba za ki hana su haƙƙinsu dan kina son soro ba, su ma ba za su buge ba tare da an fitar miki da naki ba.

Ni dai shawarata a raba gardama. Ku samo tsohon magini na ƙasa, ba ɗan kwangilar bulo ba dan shi ko me ya gani cewa zai yi a buge, ya hau ya duba azara. In soron da zaure ɗaya suna da lafiya a bar su, a yi musu hular kwano daga sama a ɓoye ta a bayan rawanin ginin, wato 'yar katangar da ta kewaye rufi, yadda ba za ta ɓata fuskar gidan ba, a gyara magudanar ruwa a gindin katanga, ɗakunan ciki da suka gaji a buge a yi na bulo, shago kuma a fitar da ɗaya ko biyu a gefe. Abu ɗaya da zan roƙe ku kada ku yarda a yi wa katangar ƙasa filasta da siminti kai tsaye, mutane suna ganin gata ne amma siminti yana kulle danshi a ciki, katangar ta dinga ruɓewa a ɓoye, wata rana filastar ta ɓallo faifai guda da rabin bango a jikinta. Ki kai yayyenki Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa su ga yadda ginin ƙasa yake in ana kula da shi, wataƙila zuciyarsu ta yi laushi. In kuma sun rinjaye ki, to ki sa yara su ɗauki hoton kowane lungu na gidan da bidiyo kafin a sa diga, kuma kada ki bari zumunci ya rushe tare da shi.

Zauren nan da ake rainawa shi ne falon mai gida, shi ne makarantar allo, shi ne masaukin baƙo, nan ake ɗaurin aure nan ake zaman makoki, almajiri ya fake ruwa a ciki ba mai korarsa. Gidajen yanzu get ne na ƙarfe da waya mai yanka a kan katanga, baƙo ya tsaya a rana yana buga waya a zo a buɗe. Wannan kam ni ma yana damuna.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni ɗan Damagaram ne ina zuwa sarin kaya Kwari. Kullum ina jin 'yan adaidaita suna kiran Bata, Wapa, Singa, Tal'udu, na tambayi yaran shago ma'anarsu ba wanda ya sani. Sunayen mutane ne?

AMSA: Sannu ɗan uwa, ya hanya ya iyaka. Ba mutane ba ne, fatalwar gine-gine ce. Bata kantin takalma ne na kamfanin Bata, Singa daga kamfanin keken ɗinki na Singer, Wapa gidan silima ne kafin 'yan canji su mamaye wajen, Tal'udu kuwa kamfanin gine-gine ne na Ingila mai suna Taylor Woodrow, bakin Bahaushe ya murɗe shi ya koma haka. Ginin ya tafi ko ya canza aiki, amma ɗan adaidaitan da aka haifa bayan an rufe wajen yana nan yana kiran sunan da ƙarfinsa. Mil Tara a hanyar Katsina ma haka, awon nisa ne daga gari sanda wajen daji ne, yanzu gari ya je ya same shi ya wuce.

Tun da ka taɓo silima, Kano ta yi su da yawa, Rex a Sabon Gari tun 1937, ga Plaza ga Orion ga El Dorado ga Marhaba, akwai kuma El Duniya wadda gobara ta cinye a 1951 mutum sama da 300 suka rasu, tsofaffi har yanzu suna ba da labarin. Yawancinsu sun koma shaguna da wajen ajiye kaya.

Ita Kwarin da kake zuwa da kantunan Kwarori ne, 'yan Labanan da Siriya, kanti a gaba gidan kwana a baya ko a sama, kafin 'yan kasuwarmu su karɓe ta a bi kowane tsakar gida da kowane lungu a mai da shi shago. Duk wannan yankin na wajen ganuwa jirgin ƙasa ne ya raya shi, dogo ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913 dan ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, Turawa suka zauna Nassarawa da Bompai, Fagge kuwa ta riga su duka, tsohon zangon fatake ne irin naku masu zuwa daga arewa. Titin Ibrahim Taiwo da kake bi ka shiga Kwari sunan gwamnan soja na Kwara ne da aka kashe rana ɗaya da Janar Murtala, 13 ga Fabrairun 1976. Gwamnati takan canza wa titi suna ta kafa allo, mutane su karanta allon su ci gaba da kiran na da.

In ka samu lokaci ka shiga cikin gari ka ji sunayen unguwanni, Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi, Alfindiki, Dandalin Turawa, kowanne yana gaya maka su wa suka sauka a nan. Turawan Dandalin Turawa ma ba na Ingila ba ne, Larabawan Tarabulus da Gadamus ne, su aka fara kira da wannan sunan. Agadasawa kuwa ai 'yan uwanka ne.

TAMBAYA: Malam da girmanka amma ku manya kun fiya kukan da. Katangar ƙasa me za ta yi mana? Mu titi muke so da gada da aikin yi, Dubai da ake zuwa kallo badala ce da su? A buge komai a yi na zamani kawai.
Daga wani matashi a Rijiyar Zaki

AMSA: Yaro ka faɗi son ranka kuma ban ji haushi ba, rabin maganarka ma na yarda da ita. Wanda ya taɓa ɗaukar mai naƙuda a lungun da mota ba ta shiga, ko ya ga gobara tana cin gida motar kwana-kwana tana tsaye a bakin titi ba hanya, ba zai ce a bar komai yadda yake ba. Cikin garin da muke yabo akwai wari akwai sauro, Jakara kafin a rufe ta a yi titi a kai kowa ya san yadda take. Kuma rushe tsoho a yi sabo ba yau aka fara ba, babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan sarki da kake gani na ƙasa ne a da, zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka sauke shi aka yi na yanzu a farkon shekarun 1950, Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo ma huda ganuwa aka yi zamanin Turawa aka fitar da su dan buƙata ta taso. Ba wanda ya ce gari ya tsaya cak.

Inda muka rabu da kai shi ne a buge komai. Bari na ba ka misali da abun da ba shi da kyan gani ko kaɗan, kududdufi. Duk ƙasar da aka gina ganuwa da gidajen birni a nan aka haƙe ta, ramin da ya rage shi ne kududdufi, kusan kowace unguwa da nata. In aka yi ruwa kwatocin unguwa su zuba a ciki, ruwan ya kwanta ya dinga tsuma ƙasa a hankali, rijiyoyin gidaje su samu. Wato ramin da aka ɗebi ƙasar gidanka shi ne yake shanye ruwan da zai rushe gidan. Da fili ya yi tsada sai muka bi su da shara da ɓaraguzai muka cike, aka yanka fuloti aka dasa bene, su Hauren Shanu da Hauren Wanki ka tambayi babanka girmansu a da ka je ka ga abun da ya rage. To shi ruwa ba ya karanta takardar fili, inda ya saba zuwa nan zai je. A layinmu wani mai hali ya sayi bakin kududdufi ya cike ya yi gini ya toshe hanyar ruwa, shi ya ɗaga nasa da kwalbati, mu kuma tun daga shekarar duk ruwa mai ƙarfi sai mun kwashe da bokiti, na taɓa tashi ƙarfe biyun dare na tarar da takalmana suna yawo a tsakar ɗaki. A damunar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfa da shadda na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwar da kansu suka ce gini a kan magudanan ruwa ne ya jawo.

Sannan ka dubi yadda muke yi, a 2017 aka gina dogon shataletale a ƙofar gidan gwamnati na cikar jiha shekara 50, a Yunin 2023 aka rushe shi, a watan ne kuma aka rushe shagunan Filin Idi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula. Ba zan shiga wa ke da gaskiya ba dan wannan fili ba na siyasa ba ne, abun da na sani siminti da rodi da kuɗin mutane ne suka zama ƙura, wanda ya ba da izini da wanda ya rushe duk da hatimin gwamnati suka yi. Unguwannin awon igiya irin na bayan gari kuma, inda dillali da igiya suke yanka gona ba titi ba kwata ba filin makaranta, lungun da kake ƙi a cikin birni shi ake sake haifarwa da bulo. Ita Dubai da ka ambata, ka tambayi masu zuwa sari, sun bar tsohuwar unguwarsu ta bakin ruwa sun gyara ta baƙi suna shiga kallo.

TAMBAYA: Baba ni ɗalibar sakandare ce a Kumasi, mun zo hutu Kano na ce a kai ni na ga dalar gyaɗa da ke cikin littafinmu aka yi ta min dariya. Rushe ta aka yi?

AMSA: 'Yata ba su kyauta ba da suka yi miki dariya, da yawansu su ma ba su taɓa gani ba. Ba gini ba ce, buhunan gyaɗa ne ake jerawa tun daga ƙasa ana hawa da su a ka har su yi tsini, ɗaya takan ci buhu kusan 15,000, suna jiran jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Legas. Sunan Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ya fi fita a wannan kasuwanci. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 da kuɗin fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati su suka kawo ƙarshenta. Ki ce a kai ki Ƙofar Mazugal a nuna miki filin, har yau Dalar Gyaɗa ake kiran wajen. Daga nan Dutsen Dala ba nisa, ki hau da yamma in rana ta yi sanyi ki kalli garin daga sama, amma ki sa takalmi mara santsi kuma ki riƙe ruwa a hannu, matattakalar tana da yawa.